Cokali Biyu

Ran da likita ya duba takarda ya ɗago kai
ya ce, "Malam Modi, kai da sukari sai dai kallo,"
Hajo ta ɗauke gwangwanin daga tire
ta kai shi saman kwaba, inda sai an taka kujera.
Shayina ya koma ruwan zafi mai launi.

A makon nan ne maƙwabcinmu, nan Runjin Sambo,
ya sare tsohuwar bagaruwa, zai fitar da shago.
Kaucin da ke kanta ya faɗo da jajayen furanni,
awaki suka gama da shi kafin la'asar.

Washegari, ɗari na cizon yatsu,
ina bayan ɗaki ina shan hantsi
cikin rigar sanyin da na yi ritaya da ita daga gidan ruwa,
sai ga shi.
Sha-kauci.
Bai fi babban yatsana ba in an cire wutsiya,
wutsiyar kuwa zare biyu, kamar tela ya manta bai yanke ba.
Kai kore mai sheƙi, ciki ruwan ƙwai.
Ya kewaya inda bishiya take jiya,
ya kewaya iska,
ya sauka kan igiyar shanya
ya soka baki a furen da ke jikin atamfar Hajo.
Ya sake sokawa.

Na san wannan.
Haka nake duban tire kullum da safe.

Kwalbar maganin tari, mai jan murfi.
Ƙusa a wuta, huda ɗaya.
Guntun robar biro, waya daga tsohon keji,
tsinken tsintsiya don ya sami wurin dafa ƙafa.
Sannan na taka kujera.

"Mi kaka yi can bisa?"
Na ce ba nawa ba ne.
"To na wa?"
Na nuna mata igiyar shanya, babu kowa a kai.
Ta dube ni irin duban da ta yi min
ran da na ce zan fara kiwon zomo.
"Da tsadar sukarin ga?"
Na ce rabona ne, cokali biyu, na bayar sadaka.

Kwana uku baƙina shazumami ne,
sahu guda, daga katanga har murfi.
Na shafa wa wayar baƙin mai.
Ƙudan zuma suka zo, suka yi taron suna.
Rana ta huɗu, ana kiran azahar,
tsinke ya ɗan lanƙwasa.
Na riƙe tarina a maƙogwaro
har idona ya kawo ruwa.

Jikana Buhari ya iso da danƙo a wuya.
Na saye danƙon naira ɗari, na naɗa shi magatakarda.
A bayan kalanda yake ja mana layi:
Talata tara, Laraba sha huɗu,
Jumma'a biyu kacal, na ƙi cin tuwo.

Daga baya ta zo, toka-toka, ba wutsiya, ba ado,
ta sha a tsaye, ta fizgi yanar gizo daga tagar kicin
ta wuce.
Hajo, da ta ce ba ruwanta,
ta ce daga bakin murhu, "Waccan ita ka aiki."

Ba zan ɓoye ba:
sau ɗaya, ina wanke kwalba, na lashi yatsa.
Sau ɗaya. Allah na gani.

Yanzu sanyi ya fara sakin ƙofa,
mangwaro ya yi huda a fadamar Kwalkwalawa,
layukan Buhari sai raguwa suke.
Jiya babu ko ɗaya.

Yau da asuba na ji ƙarar cokali.
Na leƙa.
Hajo ce bisa kujera, da ciwon gwiwarta,
tana aunawa, tana gunaguni,
ta ƙara rabin cokali.